Yadda ake ɗinka bargon ado na bango da ƙyallaye, a kuma kai shi wurin nuni

Bargon ado na bango ɗinki ne mai hawa uku. Akwai fuska, wadda ake harhaɗawa da ƙyallaye masu launi daban-daban, akwai ciko mai taushi a tsakiya, sai shafi a baya, sannan a bi da zare ya ratsa ukun ya riƙe su wuri ɗaya. Rataye shi ake yi a kalla kamar yadda ake kallon zanen fenti. Dabarar sananniya ce a wurinmu, domin da ita aka ɗinka lifidin dawakan sarakunan ƙasar Hausa da na Barno, kuma wanda ya san jibbar Ansar, wato mabiyan Mahdi na Sudan, ya san yadda faci mai launi yake ƙawata farin yadi. Abin da ya zo daga baya shi ne ɗaukar irin wannan ɗinki a matsayin aikin fasaha. A 1971 gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin bargunan Amurka a bangonsa, a 1979 kuma aka fara baje kolin Quilt National a garin Athens na jihar Ohio, wanda aka keɓe wa sababbin ayyuka.

Bayanin da ke tafe na mai koyo ne da ke zaune a Jidda ko Makka, kuma an gina shi a kan aiki mai faɗin santimita 60 da tsawon santimita 90. Abu biyu ne suke ɗaga aikin bango ko su kayar da shi: yadda haske da duhun launukansa suke fitowa daga nesa, da yadda yake sauka a miƙe idan an rataye shi. Dukansu tun daga matakan farko ake samun su.

Kayan aiki

Farko ƙyallaye, kuma na auduga sun fi kowanne sauƙin sarrafawa: atamfa, shadda, saƙi, da yadi marar zane. Wurin telolinmu ake samun su a banza ko da ɗan abin goro, musamman a watan azumi da gabanin babbar salla, lokacin da ɗinki ya yi musu yawa. Yadi marar zane kuwa ana sayensa da mita a shagunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wajen kasuwar Alawi da Bab Makka. Yawancin yadin jallabiya da na abaya da ake sayarwa a nan akwai roba a cikinsa, saboda haka a riƙa gwadawa. A yanki ɗan ƙyalle a kusantar da shi ga wutar ashana: auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, mai roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Na biyu ciko, wato shimfiɗaɗɗiyar auduga marar kauri da masu shagon kayan ɗinki suke kira hashwa. Idan ba a samu ba, tsohon haramin auduga da aka wanke sosai yana yin aikin, ƙwaya ɗaya ba tare da ninki ba, sai dai yana ƙara wa aikin nauyi. Siririn bargon jarirai ma yana yi. Soso ne kawai ba na yarda da shi, domin zafin ƙasar nan yana sa shi ya yi rawaya ya rududduge a cikin aikin.

Sauran kayan su ne yadin shafi mita 1, keken ɗinki da allura mai lamba 80 da mai lamba 90, zaren auduga mai launin toka don haɗi da zare mai kauri don ado, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, doguwar rula, tef ɗin awo, alli ko guntun sabulu, dutsen guga, fil na tela, fil mai rufewa kamar guda 60, tef mai manne na masu fenti, da takardar gam da teloli suke mannawa a wuyan riga, wadda ake kira fazlin a kasuwa. Akwai wuƙar yankan yadi mai zagaye da faifanta na roba. Tana sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma almakashi da ma'aunin kwali sun wadatar a aikin farko.

1. Wanki da guga

A wanke kowane ƙyalle kafin a yanka shi, masu duhu daban, masu haske daban, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma ja da shuɗin rini suna zuba. Don a gane mai zuba, a jiƙa shi a ɗora a kan farin ƙyalle a danna da dutsen guga. Idan launi ya fito, a ci gaba da ɗauraya har ruwan ya fita fes, in ya ƙi a ajiye shi gefe. Shadda ce sai an yi shawara a kanta, tunda wanki yana kashe mata ƙyalli. Wanda yake son ƙyallin sai ya bar ta yadda take, amma ya san cewa aikinsa ba zai taɓa shiga ruwa ba. Ƙyalle mai santsi ko mai zamewa, irin na abaya, a manna masa fazlin a baya da guga marar zafi sosai.

2. Tsara fuska

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. A kafa tsohon harami ko bargo a bango da tef ko ƙananan ƙusoshi, a riƙa liƙa ƙyallayen a jikinsa. Ƙananan na auduga sukan kama da kansu, manya kuwa a sa musu fil. Tsarin da aka yi a kan tabarma ko tebur yana yaudarar ido, domin ana kallonsa ne daga sama kuma a kusa, alhali a tsaye za a kalli aikin kuma daga nesa.

Kafin a fara liƙi, a kasa ƙyallayen kashi uku, masu haske, matsakaita, da masu duhu, ba tare da kula da ko ja ne ko kore ba. Masu koyo sukan tattara atamfofin da suka fi burge su, waɗanda galibi duk matsakaita ne, sai aikin ya cakuɗe daga nesa har ba a gane inda siffa ta fara da inda ta ƙare. Maganin wannan yana cikin waya. A ɗauki hoton tsarin, a mayar da shi baƙi da fari. Idan siffar ta ɓace a hoton, to ta ɓace ga mai kallo ma, sai a ƙara farin yadi ko baƙi har ta fito. Atamfa mai manyan furanni tana buƙatar yadi marar zane a kusa da ita. A ganina, idan rabin fuskar ya zama marar zane, atamfar da ta rage takan fi fitowa fiye da idan ita ce ta cika ko'ina.

Abin da za a zana kuwa yana kewaye da mu. Tagogin katako na rawashin da ke tsofaffin gidajen Balad, unguwar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, murabba'ai ne a cikin murabba'ai, kuma suna da sauƙin fitarwa da miƙaƙƙen ɗinki. Saƙar sadu ta makiyayan Larabawa tana koyar da yadda ake jera ratsi ja da baƙi da fari tare da ƙananan kusurwoyi. Daga gida kuma akwai aska takwas ta babbar riga, da dagi, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano. A ɗauki abu ɗaya a girmama shi ya cika fuskar, ya fi a tara su duka a aiki guda. Ina ba da shawarar a guji rubuta ayoyi da sunayen Allah, domin abin da aka yi da yadi ba a san inda zai ƙare ba bayan ya bar hannun mai shi. Haka nan gidaje da yawa ba sa rataye surar abu mai rai, wanda yake son sayarwa ya tuna da wannan.

Idan tsarin ya kwanta, a bar shi a bangon ya kwana biyu ana wucewa ana kallo, sannan a ɗauki hotonsa na ƙarshe, a zana shi a takarda tare da awon kowane yanki.

3. Yanka da haɗi

Kowane yanki ana ƙara masa milimita 7.5 a kowane gefe don cin ɗinki, wato yankin da ake so ya fito santimita 10 za a yanka shi 11.5. A yi yankan bisa tsayuwar zaren yadin, domin abin da aka yanka a karkace yana miƙewa ya sa aikin ya yi tumbi. A manna tef a jikin keke daidai milimita 7.5 daga allura, ya zama shi ne jagorar bakin yadi. Wannan ƙaramin awo yana da muhimmanci: idan kowane ɗinki ya zarce da milimita 1, yana cinye milimita 2 ke nan daga yadi biyu, layin da ke da haɗi goma kuwa zai gajarce da santimita 2, ya ƙi haɗuwa da maƙwabcinsa.

A sa tsawon ɗinki a kan milimita 2 zuwa 2.5. A haɗa ƙanana su zama layi, a haɗa layuka su zama sashe, sannan a haɗa sassan. Bayan kowane haɗi a danna da dutsen guga a kwantar da cin ɗinkin ta wajen yadi mai duhu. Dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen gaba da baya kamar gugar riga. A ƙara wa fuskar kamar santimita 3 a kowane gefe, saboda ɗinkin da zai biyo baya yana tsuke ta.

4. Faci

Siffa mai lanƙwasa, kamar dagi ko da'ira, ɗora ta ake yi a kan fuska. A manna wa ƙyallen fazlin, a zana siffar a bayansa a juye, a yanka, a kafe da fil, a zagaye bakin da ɗinkin zigzag matsattse. Wanda kekensa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi sai ya kalmashe bakin da hannu ya bi da ƙananan ɗinki, irin aikin masu ɗinkin tantuna na Alƙahira. Masu aikin zamani da yawa suna barin bakin a sake ya ɗan yi gashi, kuma a bango hakan ba aibi ba ne, muddin da gangan aka yi.

5. Haɗa hawa uku

A yanka shafi da ciko su fi fuska da santimita 8 zuwa 10 a kowane gefe. A shimfiɗa shafin a kan tayil mai tsabta, fuskarsa tana kallon ƙasa, a kafe gefunansa da tef ya miƙe ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Idan aka ja shi da yawa, zai koma ya tattare da zarar an cire tef ɗin. A ɗora ciko, a ɗora fuska, a shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, sannan a sa fil mai rufewa a kowane santimita 10. Inda babu irin wannan fil, a yi dogon ɗinkin wucin gadi da farin zare, a tsaye da a kwance. A Jidda kada a bar fil a jikin aiki na watanni, domin laimar teku tana sa shi tsatsa, tsatsa kuwa ba ta fita daga farin yadi.

6. Ɗinkin lifidi

Wannan shi ne ɗinkin da yake ratsa hawa uku, kuma aikinsa biyu ne: yana riƙe cikon, yana kuma zama zane na biyu a kan na farko. Ka'idarsa ita ce inda aka cika ɗinki yakan kwanta, inda aka bari kuwa yakan taso. Saboda haka siffar da ake so ta fito sai a zagaye ta, a cika bayanta da layuka matsattsu, ita kuma a bar ta da ɗinki kaɗan. Sai dai kada bambancin ya yi yawa tsakanin wani ɓangare na aikin da wani, domin idan gefe ɗaya ya sha ɗinki ɗayan bai sha ba, aikin zai murɗe a bango, kuma guga ba ta gyara wannan. Kada a bar wurin da ya fi faɗin tafin hannu babu ɗinki.

A canza allura zuwa lamba 90, a ƙara tsawon ɗinki zuwa milimita 3, a gwada a kan wani guntu mai hawa uku kafin a taɓa aikin. A fara daga tsakiya zuwa baki, ana cire fil kafin allura ta iso shi. Tef ɗin masu fenti yana ba da miƙaƙƙen layi ba tare da an yi zane a yadi ba, amma a cire shi a ranar, domin zafi yana narkar da gam ɗinsa. Akwai ƙafar keke ta musamman da take jan yadin sama da na ƙasa tare. Idan babu ita, a sassauta dannin ƙafar da ke akwai, a tafi a hankali, a kuma tallafe nauyin aikin a kan tebur don kada ya rinjayi allura.

Ɗinkin hannu ya fi cin lokaci, amma a ƙaramin aiki irin wannan ni shi na fi so. A sa zare mai kauri, irin na aikin hula ko wuyan riga, a yi miƙaƙƙen ɗinki na shiga da fita mai tsawon kamar milimita 5, a ɓoye ƙullin a cikin ciko ta hanyar ɗan fizgar zaren har ƙullin ya shige. Daidaituwar ɗinki ta fi ƙanƙantarsa muhimmanci.

7. Daidaita kusurwa da rufe baki

A shimfiɗa aikin a kan kafet, a yayyafa masa ruwa kaɗan idan yadinsa yana jure ruwa, a miƙe shi a kafe da fil, a bar shi ya bushe a ƙarƙashin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Bayan ya bushe a zana murabba'in 60 da 90, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. Sai awon biyu sun zo daidai za a yanka.

Don rufe baki, a yanka tsiri mai faɗin santimita 6, a haɗa shi ya kai santimita 325, a ninka shi biyu a tsawonsa a goge. A ɗinka shi da keke ta fuska, a juya shi baya a kama da hannu. Kada a ja tsirin yayin ɗinki, kada kuma a sake shi da yawa, domin na farko yana sa aikin ya ƙoƙe, na biyu yana sa baki ya yi igiyar ruwa. Wanda ba ya son a ga gefe sai ya juya tsirin gaba ɗaya zuwa baya, zanen ya tafi har ƙarshe.

8. Aljihun rataya da takardar shaida

Manyan wuraren nuni suna neman aljihu mai faɗin santimita 10 a baya, wanda za a zura sanda a ciki. A yanka yadi mai faɗin santimita 22 da tsawon santimita 58, a kalmashe bakinsa biyu, a ɗinka shi ya zama bututu, a kama shi da hannu santimita 2 ƙasa da bakin sama, allura tana shiga shafi da ciko kawai. A bar wa ɓangaren waje na aljihun ɗan saki domin kaurin sanda, in ba haka ba sandar za ta turo fuska ta yi doro. Falle na katako ya fi sanda mai zagaye kwanciya a bango, kuma a shafe shi da fenti ko a naɗe shi da yadi don kada ya ɓata aikin. Idan ƙasan yana lanƙwashewa, a ƙara siririn aljihu a can a zura wani fallen. A ƙarshe a ɗinka farin ƙyalle a kusurwar baya mai ɗauke da sunan aikin, sunan mai shi, gari, shekara, da kayan da aka yi amfani da su.

9. Hoto da nuni

Masu zaɓen ayyuka hoto suke fara gani, saboda haka a rataye aikin a farin bango da hasken rana wanda bai faɗo kansa kai tsaye ba, a tsaya daidai tsakiyarsa, a ɗauki ɗaya na gaba ɗaya da gefunansa huɗu a ciki, da ɗaya na kusa mai nuna ɗinki. A shirya gajeren bayani da Larabci, da Ingilishi in an nema, tare da awo, tsawo kafin faɗi. Cibiyoyi irin su Hayy Jameel, wadda aka buɗe a Jidda a 2021, suna sanar da shirye-shiryensu a intanet, sai a riƙa bibiya a karanta sharuɗɗa. Amma nunin farko ba sai ya jira babban zaure ba: ajin makaranta ko ɗakin taro na istiraha, wato gidan hutu da ake haya, ya isa ga mutum biyar ko shida da suka haɗa ayyukansu, bayan an nemi izinin masu wurin, musamman idan akwai sayarwa.

A rataye kowane aiki tsakiyarsa tana kamar santimita 150 daga ƙasa, a bar tazarar aƙalla rabin mita tsakanin biyu. Hasken da ya zo daga sama ta gefe shi yake fito da tudu da kwarin ɗinki, wanda ya zo ta gaba kuwa shafe su yake yi. A nisanta aikin daga taga, daga iskar na'urar sanyaya ɗaki, da kuma hayaƙin turaren wuta, wanda yake kama yadi ya dusashe farinsa.

10. Kallo da ajiya

Kallon aikin wasu ma koyo ne. A fara daga nesa, kamar taku shida, a ga inda ido ya fara sauka. A matso a ga yadda aka haɗa yankuna, sannan a tsaya ta gefe a bi layukan ɗinki. Ba a taɓawa, domin maiƙon hannu yana zama a yadi. Idan ana son ganin baya a roƙi mai kula da wurin. Baje kolin fasahar Musulunci da ake yi duk shekara biyu a tashar alhazai ta filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, wanda aka fara a 2023, wuri ne mai kyau na horar da ido, kuma a na 2025 an nuna cikakkiyar rigar Ka'aba, inda mai ɗinki ya samu damar ganin yadda ake cusa ciko a ƙarƙashin zaren zinariya don rubutu ya taso.

Idan an sauke aiki, a kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi, a naɗe shi a jikin bututun kwali da aka rufe da farin yadi, fuska tana waje, a sa shi cikin rigar matashi ko zanen gado na auduga. Leda tana tara gumi ta kawo fumfuna, musamman a watannin zafi. In dole sai an ninke, a riƙa buɗewa duk bayan wata uku ana sauya wurin ninkin don kada alamar ninkin ta zauna.